Sammaci a Gasar Gasa Nama

Wata jami'ar bincike tana jin an kira sunan zakaran gasar gasa nama ta wani ƙauyen Texas a Amurka, sai ta ajiye farantinta. Shi ne dai mai ba da rancen da ya yashe tsofaffin unguwa, wanda ya daɗe yana wasan ɓuya da hukumarsu ta binciken harkar kuɗi. Ga shi ya fito daga hayaƙi yana washe baki.

Ta roƙi alƙalan gasar su bari ta miƙa masa kofin nasara. Ta ba shi kofi da dama, sammaci da hagu.

"Haba baiwar Allah! A gaban jama'a?"

"Yallaɓai, ofishinka kullum a kulle. Litinin ka zo da takardunka." Ta lashe yatsa. "In da hali, har da haƙarƙarin nan."