Gawon Gonar Laminu

Shekarar da fari ya yi tsanani, Laminu mutumin Guci ba shi da abin dogaro sai ƴan awaki da gonar gado mai itatuwan gawo. Da ciyawa ta ƙare a daji, sai ya saɓa gatari ya nufi gona, ya shiga sare rassa yana jefo wa awaki. Duk itacen da ya hau sai ya yi masa aski ƙwal.

Ɗiyarsa Gimbiya, ƴar lakwal, wato makarantar boko, ta kawo masa ruwan sha, ta tsaya tana kallo.

"Baba, ka rage masa ganye ko kaɗan ne," in ji ta. "Mushe, malaminmu, ya ce ganye shi ne bakin itace. Da shi yake shan iska da hasken rana, saiwa ta kawo ruwa, sannan ya haɗa abincinsa."

Laminu ya leƙo daga sama. "Iska? Ke kin taɓa ƙoshi da iska?"

"Wallahi, Baba, mun gwada. Waken da muka tsige wa ganye bai rayu ba."

Maƙwabta da ke kusa suka tuntsire da dariya. Kunya ta kama Laminu, ya sauko ya kwaɗa mata mari. "Tunda shirmen da ake koya muku ke nan, ke da lakwal har abada!"

Bai daina ba. Duk tohon da ya fito sai ya sare, har itatuwan suka bushe, ya faskare su. Awakin ma ba su kai damina ba.

Da ruwan farko ya sauka ya shuka gero, ya fito kore shar. Sai guguwa ta taso, ba abin da zai tare ta, rairayi ya binne shukar. Ya sake shuka, ya sake, har iri ya ƙare. Gonakin da aka bar wa itatuwa kuwa sun tsira da abin kunu.

Da kaka Laminu ya sayar da gonar, ya kwashi iyali zuwa Kano. A hanya ƙaramin ɗansa, da yunwa ta galabaitar, ya cika a bayan uwarsa. Tun daga nan Laminu bai ƙara iya haɗa ido da Gimbiya ba.

Jama'a, tsiro rai ne da shi, da iska da ruwa yake rayuwa. Mu koya wa yaranmu wannan, in kuma su suka kawo mana, mu saurara.