Masu Baƙin Tabo

Sambo ya ɗaga murfin kwandon ƙarshe. Nan ma wasu daga cikin tsutsotsin silikin sun yi ɗigo-ɗigon baƙi, suna kwance kan ganye, ko motsin kirki ba sa yi.

Matarsa Yalwa ce ke bincike a kansu. Da yajin aiki ya sa aka rufe ɗakin gwaji, ta kwaso su gida Unguwar Rimi. Sai naƙuda ta zo mata kafin lokaci. Yanzu tana asibiti, jaririn kuwa bai zo da rai ba.

"Ba za ta dawo ta tarar da wata asarar ba," ya ce a ransa. Ya tsince masu tabon kaf, ya ƙone su a tsakar gida don kada su harbi sauran. Fararen ya bari, yana ba su ganye safe da yamma.

Ran da aka sallamo ta, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi kwandunan.

"Malam, ina masu baƙin tabo?"

"Cuta ce ta kama su. Na ƙone su, na ceto miki masu lafiyar."

Yalwa ta zauna dirshan a ƙasa.

"Ni na sa musu cutar da allura. Tabon nan, ƙwayoyin jininsu ne suka taru suka yi wa cutar ƙawanya har suka kashe ta. Su ne suka warke, su nake nema tun kafin aurenmu." Ta dubi fararen. "Waɗannan ai ban taɓa gwada su da komai ba."