Zare Uku a Gwangwanin Allura

Ajiye littafin nan, ɗiyata, tunda gobe za ki fara duba dabbobin mutane ke kaɗai, ki ji wani abu da har yau in na tuna shi sai na ji daɗi ya cika ni.

An yi wata mai ɗinkin hula, mijinta direban babbar mota ne, yakan yi wata biyu bai kwana gida ba. Shi ya kawo mata 'yar kyanwa a aljihun riga, ya ce ta riƙa taya ta hira kafin ya dawo. Shekara tara kyanwar nan tana kwance a cinyarta tana ɗinki. Wata Juma'a tana shafa cikinta, sai yatsanta ya ci karo da wani ɗan ƙullutu kusa da nono, bai fi ƙwayar dawa ba. Maƙwabta suka ce maruru ne, ta bari ya nuna a matse. Ita kuwa ta san maruru da zafi yake zuwa, wannan ko ba zafi, ga tauri kamar tsakuwa. Sai ta ɗora zare a kansa, ta yanke daidai faɗinsa, ta ajiye a gwangwanin allura. Juma'a ta zagayo, ta sake. Ta uku, ta jera zarurrukan a tafin hannu, ta ga kowane ya ɗara ɗan'uwansa. Ko mayafi ba ta gama yafawa ba ta sa kyanwa a kwando, sai asibitin dabbobi.

Likitan ya duba ido, ya duba baki, ya ga kyanwa ƙosasshiya tana cin abinci, ya ce lafiyarta lau, a mayar da ita gida. Matar ba ta yi musu ba. Ta buɗe gwangwani ta jera masa zare uku a kan tebur, ta ce, "Likita, maigidana ya bar mini ita. Ni ban san magani ba, amma zare ba ya yi mini ƙarya." Ta nuna masa wurin da bakin yatsa. Da ya lalubo abin, sai ya miƙe tsaye! Ya kira abokan aikinsa su zo su gani, domin irin wannan ƙari ba a saba kawo musu shi ba sai ya kai ƙwan kaza ya fashe, lokacin da ba abin da ya rage sai rage zafi. Aka tsotsi kaɗan da allura aka gwada, ciwon daji ne. Aka ɗauki hoton ƙirjinta, bai kai huhu ba. A makon nan aka yi aiki, aka cire shi da naman da ke kewaye. Likitan bai ɓoye mata ba, ya ce yana iya dawowa, ta ci gaba da shafawa, kada ta yar da gwangwanin nan.

Ran da motar mijin ta tsaya a ƙofar gida, kyanwar ce ta riga kowa fita, ciki a aske, ɗinki a jere, tana goga kai a ƙafarsa. Ya ɗauke ta ya duba ɗinkin, ya dubi matarsa, ya tambaya ko ita ta yi shi.

To, in mai dabba ya ce miki ya ji wani abu, ki ba shi yatsanki ya kai ki wurin. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.