Kaset Ɗin Baba

"Kai ka goge shi!" Zalika ta daka wa Malam Rashidu tsawa, har masu wucewa a Canal Street suka leƙo shagonsa.

Wata uku tana jira ya gyara tsohuwar na'urar ɗaukar sauti mai layi takwas, irin wadda aka daina ƙerawa tuntuni. Kaset ɗaya tak mahaifinta ya rasu ya bari, muryarsa da gurminsa duk suna ciki. Yau na'urar ta tashi, amma layukan nan takwas shiru kake ji.

Tsohon ya jujjuya kaset ɗin.

"'Yata, irin wannan sak na bidiyo ne. Kun taɓa ajiye bidiyo a gida?"

"Da can, a tsohon gidanmu na unguwar Highbridge. Ina ruwan wannan da maganata?"

Ya zura shi cikin wani tsohon bidiyo. Katun, fim ɗin zane na yara, ya bayyana a talabijin.

Zalika ta ƙura wa talabijin ido. Ta tuna wata Asabar, tana 'yar shekara bakwai, ta taka kujera ta ɗauko kaset a saman kabad, ta zura shi a bidiyo, ta danna jan maɓallin ɗauka don ta ɗauki katun. Baba ya shigo, ya daɗe yana kallon kwalin kaset ɗinsa da ke ƙasa.

Sannan ya ɗora ta a cinya, suka kalla tare.