Dutsen da Zai Wuce Kusa

Da wani masanin taurari ya tura ƙofar mahaifiyarsa, sai ya tarar ta kulle kajinta a kicin, ta janye gadonta daga bakin taga, tana zaune da rediyo a cinya.

Shi ya jawo. Da safe ya shiga rediyo, yana ta kumbura murya, ya sanar cewa wani ƙaton dutse daga sararin samaniya zai wuce kusa da duniya. Kafin rana ta yi tsaka ƙanwarsa ta kira: Mama ta ƙi cin abinci. Ka ji gwani, in ji shi a ransa. Digiri uku, amma bajintarsa ta ƙare a firgita tsohuwa da kaji bakwai.

"Mama, kusan da na faɗa irin namu ne na masana. Kilomita miliyan huɗu fa! Wucewa zai yi, ko leƙo mu ba zai yi ba."

Ta kashe rediyon.

"To, yanzu na gane. Ashe shi ya sa kullum kake cewa gidanka kusa ne, amma wata takwas ban ga ƙeyarka ba."

Ya cire takalmi, ya nemi wuri ya zauna.