Tukwanen da Baba Maiwada Ya Wanke

Wata uku ke nan Baba Maiwada bai yi barcin kirki ba. Wani kamfanin fasa dutse ya sa ido a kan tsaunin da ke bayan gonarsa a Beji, inda kufan kakanninsa yake. Hukuma ta ce magana ɗaya ce: a kawo shaidar cewa wurin tsohon mazauni ne, in babu, aiki zai fara.

Ana cikin haka ruwan Agusta ya zaizaye gindin tsaunin, sai ga bakunan tukwane sun leƙo, gawayi kewaye da su. Aka yi waya zuwa wata jami'a, sashen masu tono kayan tarihi. Wata malama, Liyatu, ta ce tana tafe ran Asabar.

To, Baba Maiwada mutum ne mai gudun abin kunya. Baƙi daga jami'a su tarar da kayan kakanninsa cikin taɓo? Haba! Ya sa fartanya ya tone su kaf, ya dirje su da omo da soson ƙarfe. Gawayin kuwa ya share ya watsa a rafi, ya baje ramin, sannan ya jera tukwanen a kan sabuwar tabarma.

Liyatu na isowa ta dafe kai.

"Baba, ina gawayin da ke tare da su?"

"Wannan dattin? Ai na zubar, 'yata. Ba na so ki ɓata hannu."

"Wayyo Baba! Gawayin nan shi muke kaiwa a auna, ya faɗa mana shekarun wurin. Zurfin da tukunya take kwance, da abin da ya maƙale a cikinta, su ne shaidarmu. Yanzu da me zan nuna ba a kasuwa aka sayo su ba?"

Kwana huɗu ita da abokan aikinta suna tono, ko Allah zai sa a dace. Ina! Abin da ruwa ya bari, fartanya ta gama da shi. Tausayin tsohon ya kama ta ƙwarai, amma ba ta iya rubuta abin da ba ta tabbatar ba.

Dawa ba ta nuna ba katafila ta hau tsaunin. Baba Maiwada na tsaye a bakin gona, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Da hannuna na yi."

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. In kun ci karo da kayan tarihi a cikin ƙasa, kada ku tone, kada ku wanke. Ku bar su yadda suke, ku kira masana.