Ku Ba Ni Gari

A gidanmu na unguwar Umbadda, a birnin Umdurman, duk wanda ya kasa amsa kacici-kacici sai ya ba da gari kafin a faɗa masa amsar. Kakata, wadda muke kira Habboba, ba ta rowa. Duk ranar da na kayar da ita sai ta ce, "Na ba ka Umdurman, har da kasuwar raƙuma."

Wata Alhamis da rana a makaranta, Ustaz ya gaji da darasi, ya ce kowa ya kawo kacici-kacici. Na miƙe na juya namu zuwa Larabci: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Aka yi ta lalube, babu wanda ya ce tsintsiya. Ustaz ma ya yi murmushi ya ce ya gaza.

Murna ta ɗebe ni, na yi yadda ake yi a gida. "To, ku ba ni gari!"

Murmushinsa ya ɗauke. Ya karkaɗe allin hannunsa a hankali, ya dubi 'yan aji, ba ni ba.

"Kun ji Fallata ko? An ba su masauki a hanyar Makka, yanzu kuma gari suke nema."

Fallata shi ne sunan da suke kiranmu da shi, mu da kakanninmu suka zo daga ƙasashen yamma. Aji ya kwashe da dariya. Ko amsar bai tambaya ba.

Har yau in na ga ƙurar alli zuciyata tafasa take yi. Wasan yara na kawo masa, ya rama da asalina. A Umdurman aka binne cibiyata, a nan aka binne ta ubana. Garin ma ba nasa ba ne balle ya hana ni. Habboba ta riga ta ba ni, kuma ban mayar ba.